Amsar tambayar Hajiya kan gonar da ke gefen gandun namun daji

Assalamu alaikum jama'a. Hajiya ina wuni, ya yara? Na ji saƙonki tun da safe, ina wurin aiki ne shi ya sa sai yanzu. Ga waɗanda ba su saurara ba, Hajiya cewa ta yi: ƙaramar hukumarmu za ta sa kaso a kuɗin sayen gonar nan da ke manne da gandun namun daji, alhali gandun na gwamnatin tarayyar Amurka ne, to don me za a taɓa harajinmu a saya wa tarayya fili?

Tambayarki tana kan hanya wallahi. Ni ina goyon bayan a sa kuɗin, amma da sharaɗi, bari in zo kansa.

Kin ga yawancin kuɗin tarayya na irin wannan aiki ba a sakinsa sai an ga naku a ƙasa. Akwai dokar kare fadamu ta 1989, ita ƙa'idarta duk dala ɗaya da tarayya za ta bayar, sai an kawo aƙalla dala ɗaya wadda ba daga aljihun tarayya ta fito ba. Haka ma Asusun Kiyaye Ƙasa da Ruwa, wanda tun 2020 doka ta tabbatar masa dala miliyan 900 duk shekara, mafi yawa daga kuɗin haƙar mai da gas a teku. Ɓangarensa da ke zuwa wa jihohi da ƙananan hukumomi rabi da rabi ne. Wato kason namu shi ne mabuɗin. In ba mu sa ba, kuɗin ba zai zauna jiranmu ba, wata ƙaramar hukumar da ta shirya za ta ɗauka.

Sannan akwai maganar lokaci. Hukumar Kula da Kifi da Namun Daji ta tarayya, wadda gandun ke hannunta, ba ta saye sai a cikin iyakar da aka riga aka amince mata, kuma manufarta sai daga wanda ya yarda ya sayar, a kan farashin da masu ƙiyasi suka yanke. Aikinta akwai jinkiri. Shi kuwa manomin da ya tsufa, 'ya'yansa ba sa son noma, mai gina gidaje yana ƙofarsa da kuɗi a hannu, ba zai yi shekara biyu yana jiran takardu ba. Shi ya sa za ki ga ƙungiyar kare muhalli irin su The Nature Conservancy ta fara saye ta riƙe, kafin sauran su haɗa nasu. Kuma fili irin wannan in aka zuba masa kwalta, shi ke nan. Tsuntsu bai san shinge ba, ruwan da ke shiga gandun ma ta cikin wannan gonar yake bi. Ni da nake kai yarana can lokacin kaka su ga dinya suna sauka da yamma, raina yana kan wurin nan sosai, ba zan ɓoye ba.

To ga sharaɗin, Hajiya, kuma nan nake so kowa ya buɗe kunne. A tambayi ƙaramar hukuma: bayan an saya, sunan wa zai hau takardar filin?

Domin in tarayya ce ta karɓa, filin ya fita daga harajin gida da fili, don ƙaramar hukuma ba ta da ikon sa wa tarayya haraji. Kuma kin san da wannan harajin ake riƙe makarantun yaranmu da 'yan kwana-kwana. Akwai doka tun 1935 da ta ce a riƙa biyan ƙaramar hukuma wani abu a madadinsa. A filin da aka saya, ana duba uku a ɗauki mafi tsoka: santi 75 a kowace eka, ko kashi 25 cikin ɗari na abin da filin ya samar bayan an cire kashewa, ko kashi uku bisa huɗu na kashi ɗaya cikin ɗari na darajarsa. A misali, filin dala miliyan ɗaya zai kawo 7,500 a shekara. Amma wannan a takarda ne. Shekara da shekaru Majalisar tarayya ba ta cika kuɗin, sai a rage wa kowa gwargwadon abin da ke akwai. Duk wanda ya tsaya a taro ya ce mana ba za a rasa ko sisi ba, a ce ya kawo lissafin abin da ya shigo a shekarun baya, ba abin da doka ta yi alkawari ba.

In kuma ƙaramar hukuma ce za ta riƙe, to ko wancan ɗan biyan babu, kuma shinge, hanya, gadi, kashe ciyawar da ke cinye fadama, duk a wuyanmu har abada. Saye rana ɗaya ne, riƙo shi ne aikin. In da kuɗin wancan Asusun Kiyaye Ƙasa da Ruwa aka saya, ba a yarda a juya filin zuwa wani abu daban gobe sai da izinin tarayya, kuma sai an kawo wani fili a madadinsa.

Akwai hanya ta uku da nake ganin ba a cika faɗa wa mutane ba: a sayi haƙƙin gini kawai. Manomi yana nan da gonarsa, yana nomansa, yana biyan harajinsa ko da ya ragu, amma an rubuta cewa shi da duk wanda ya gaje shi ko ya saya ba za su yanka ta fuloti ba. Ya fi araha. Illarsa, galibi jama'a ba su da ikon shiga, don gonar mutum ce. In burin a kare ruwa da tsuntsaye ne, ya wadatar. In kuma so ake yara su samu hanyar yawo, bai wadatar ba, sai su faɗa mana wanne suke nufi.

Saboda haka Hajiya, ni zan je zaman majalisar ƙaramar hukuma, kuma ina roƙon mu je da yawa, don ana ba jama'a dama su yi magana. Wanda ya samu takardar ajandar ya turo mana ita nan mu karanta tukuna. Yaya, kai da ka iya lissafi, don Allah duba mana shafin da suka rubuta kuɗin kula da filin na kowace shekara. Na gode, sai na ji ku.