Tambaya da Amsa: RAV4 'yar Kwatano, in saya ko in haƙura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Barnawa, na daɗe ina tara kuɗin adashi don in sayi mota saboda kai yara da zuwa aiki, yanzu wani dilali ya kawo min Toyota RAV4 ta 2008 tokumbo, jikinta fes ba ko kwarzane, amma ƙanina ya ce wai irin su suna shan baƙin mai kuma wai kamfani ya taɓa kiran a mayar da su. Gaskiya hankalina ya tashi. In saya ko in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sanya alheri. Ƙaninki bai yi ƙarya ba, amma kar hakan ya sa ki gudu tun ba a duba ba, motar nan tana da juriya sosai, tana da tsayin ƙasa da zai fishe ki a layukan unguwa in damina ta zauna, kuma kayanta ba sa wahala a Panteka. Abin da ya kamata ki sani shi ne wace iri ce aka kawo miki.

Mu fara da baƙin man. Waɗanda aka yi daga 2006 zuwa 2008 masu silinda huɗu suna ɗauke da inji mai lita 2.4 da ake kira 2AZ-FE, shi ne dai na cikin Camry ta 2007, kuma an san shi da wannan halin, ringin fistin ke toshewa sai mai ya riƙa haurawa yana ƙonewa tare da fetur. Ba za ki ga ɗigo a ƙasa ba, mai kawai zai riƙa raguwa shiru, wanda bai saba zaro sandar awon mai ba sai dai ya ji inji ya buga a hanyar Zariya. Ma'aunin da Toyota da kanta ta yi amfani da shi a Amurka shi ne in mota ta sha kusan lita 1 a mil 1,200, wato kamar ki je Kano ki dawo sau huɗu, to injin na buƙatar aiki. Daga 2009 suka canza zuwa mai lita 2.5, shi kam da sauƙi ƙwarai, shi ya sa in kuɗinki zai kai ni dai ta 2009 zuwa 2012 zan ce ki nema. In kuma wannan ɗin ce ta kwanta miki, a je a tayar da ita da sassafe tun inji na sanyi, wani ya tsaya bayan salansa ya ga ko hayaƙi mai shuɗi-shuɗi zai fito, sannan a kwance fulogi a duba, in bakinsu ya yi baƙi da danshin mai kin samu amsa.

Maganar kira kuwa, ita ce ta fi damuna fiye da shan mai, don shan mai aljihu yake ci, wannan kuma rai ne. A 2012 Toyota ta kira RAV4 kusan 760,000 a Amurka, na 2006 zuwa 2011, saboda wani ƙarfe da ke riƙe da tayar baya wanda ta nan ake saita alaimen. In mai alaimen ya kwance notin bai ɗaure shi yadda ya kamata ba, sai wasa ya shiga, tsatsa ta ci zaren, wata rana ana cikin gudu ƙarfen ya rabu tayar baya ta karkace. Gyaran farko bai wadatar ba har sai da aka sake kira a 2013 da 2016, daga baya ma suka riƙa shafe wajen da wani ƙaƙƙarfan gam don kar kowa ya sake taɓawa. To ki duba yadda muke yi a nan, duk wanda ya faɗa rami sai wajen alaimen, yaro ya shiga ƙasa da sifana ya kwance ya ɗaure da ƙarfin hannu shikenan. Don Allah a hau da motar kan rami ki sa bakanikenki, ba na dilali ba, ya haska wajen da tocila, in ya ga gam ɗin an yi gyaran kuma kar a bari wani ya fasa shi, in babu kuma ga tsatsa, a cire kuɗin sababbin ƙarafa biyu daga ciniki.

Su can kyauta ake wannan gyaran, wasiƙa ake aiko wa mai mota har gida. Amma da mota ta hau jirgin ruwa wasiƙar ba ta biyo ta, shi ya sa dole ke ki bincika. Akwai lambar shasi mai harufa da lambobi 17 a ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, ki ɗauke ta a waya ki sa a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran motoci ta Amurka, kyauta ne, zai nuna miki kiran da ba a yi wa motar ba. Akwai na makunnin gilashin ƙofar direba da kan yi zafi har ya narke, akwai na bel ɗin kujerar baya na 2016, duk za su fito in ba a gyara ba.

Sai ki ɗaga kafet. Kwanaki na raka wani abokina ganin wata ƙaramar jif, ƙamshin turare har ya yi yawa a ciki, da muka zaro tayar sifiya muka ɗaga shimfiɗar ƙasa sai ga busasshen taɓo, ƙarafan ƙarƙashin kujera duk sun yi ja, ashe ambaliya ta taɓa cinye ta. Irin wannan ko an rage miki rabin kuɗi ki bar ta, wayoyinta ba za su taɓa barinki ki huta ba.

TAMBAYA: Malam ni kuma Honda CR-V ta 2008 nake so, an ce min jakar iskarta na da matsala. Daga wani ɗan kasuwa a Kawo.

AMSA: Haka ne Alhaji, CR-V daga 2002 zuwa 2011 tana cikin kiran da aka yi kan jakunkunan iskar kamfanin Takata, wanda ya shafi jakar iska kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai. Sinadarin da ke hura jakar ne ke lalacewa in ya daɗe cikin zafi da laima, ranar haɗari maimakon ya hura sai ya tarwatsa gwangwaninsa ƙarafa su feso wa mutum a fuska, kuma zafi da laima ai ka san Kaduna a watan Agusta. Ka sa lambar shasin a shafin da na faɗa wa Malama a sama. Sannan in ka murɗa makulli ka zuba wa fitilar jakar iska ido a dashbod, ya kamata ta kama ta yi 'yan daƙiƙoƙi ta mutu, in ba ta kama ba sam to an cire ƙwan ko an liƙe shi don a ɓoye wani abu, ka kira mai kwamfuta ya jona mata kafin ka ba da ko sisi na kafin alƙalami. Ka kuma kunna esi ka bar shi minti 20 a tsaye cikin rana, ka ji ko sanyin zai riƙe.