Me ya sa ruwa ke ɗaukewa a Legas a watan Agusta?

Wani mai lambu a Ojo, cikin Legas, ya tambaya: "Malam, a gida Kano Agusta ne tsakiyar marka, amma a nan sai ruwa ya ɗauke, gari ya yi lumshi, alayyafona ya fara yaushi. Fari ne ke tafe?"

Ba fari ba ne, Malam, haka daminar bakin teku take. Iska biyu ke juya mana shekara: mai ɗauke da danshi daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, da busasshiyar iskar Sahara mai kawo hunturu. Mahaɗarsu tana hawa arewa sannu a hankali, har ta kai bakin hamada a Agusta, ruwa mai ƙarfi kuma na biye da ita. Shi ya sa Legas ke shan ruwa mafi yawa a Yuni, Kano kuwa sai Agusta.

Teku ma na da hannu. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi na ƙasan teku yana tasowa sama a gaɓar Tekun Gini, musamman wajen Ghana da Kodebuwa. Iskar da ta ratso kan ruwan sanyin nan ba ta iya tashi ta haɗa hadari mai tsawa, sai gajimare da ɗan yayyafi. Yayyafin nan ne ke yaudarar masu lambu. Tona da yatsa ka gani: sama a jiƙe, ƙasa kuwa a bushe. Ƙasar Ojo rairayi ce, ba ta riƙe ruwa, don haka ka koma ban ruwa safe da yamma, ka rufe kunya da busasshiyar ciyawa. Kada ka zuba takin yuriya a busasshiyar ƙasa, asarar kuɗi ce.

Wani daga Ikorodu kuma yana son sanin ko ya sake shuka masara.

Shuka, amma ka dakata sai ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, idan ruwa ya dawo ya jiƙa ƙasa sosai. Damina ta biyu gajera ce, zuwa Nuwamba ta janye, saboda haka nemi iri mai nuna cikin kwana 90. Masarar farko da ka girbe kuwa, kada rashin ruwa ya sa ka ɗauka ta bushe. Rana ba ta da ƙarfi yanzu, danshi kuma na nan. Shanya ta a kan tamfol, ka ciji ƙwaya, in ba ta yi ƙaras ba kada ta shiga buhu, don funfuna na kawo gubar afalatoksin. Ka riƙa bibiyar hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, kafin ka fitar da iri.