Kafin ki biya kuɗin makarantar Sista, ki nemi kundin dokokinta

Tambaya: Malama, 'yata ta ci jarrabawar shiga wata makarantar kwana ta Katolika. Ni da mahaifinta muna sha'awar wurin saboda tarbiyya da kyawun sakamako, amma mu Musulmi ne, dangi kuma sai tsorata ni suke yi da tsananin dokokinsu. In biya ko in haƙura? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Hajiya, kada ki biya ko sisi sai kin riƙe kundin dokokin makarantar a hannunki, kun karanta shi ke da mahaifinta da ita yarinyar. Yawancin irin waɗannan makarantu suna sa iyaye su sa hannu a takardar amincewa da dokoki ranar rajista. Na sha ganin uwa a tsaye gaban tebur, jaka a hammata, layi a bayanta, ta rattaba hannu ba ta karanta ko layi ɗaya ba. Bayan wata uku ita ce a ofishin shugabar makaranta tana cewa ba a gaya mata ba. An gaya mata, a rubuce ma.

Ba ke ce ta farko ba a wannan hanya. Tun 1948 Sistocin St. Louis, mata masu hidimar cocin Katolika, suka sauka a Kano, kuma gidajen Musulmi da yawa sun kai musu 'ya'yansu. A Kaduna, Kwalejin Sarauniya Amina ta Kakuri da Kwalejin Rimi duk na mishan ɗin Katolika ne a da, Queen of Apostles da St. John's, kafin gwamnati ta karɓe su a farkon shekarun 1970. Abin da ya jawo iyayen wancan zamani shi ne ya jawo ki: ƙararrawa tun duku-duku, shara, asambuli, aji, karatun dare, kashe fitila a kan lokaci, kuma 'yar mai kuɗi da 'yar talaka sandal ɗaya suke sawa. Ina girmama wannan tsari ƙwarai, domin yaron da ya san ƙa'ida ba ta duba fuska yakan samu natsuwa.

Sai dai batun addini ba a barinsa a kan zato. Ki tambayi shugabar baki da baki: dole ne kowace ɗaliba ta halarci Misa, wato ibadarsu ta coci, ko 'yan Katolika kaɗai? Akwai wurin salla, kuma jadawalin ya bar mata lokaci? Idan azumi ya kama ana cikin zango, wa zai ba ta sahur? An yarda da ɗankwali ko hijabi? Amsa takan bambanta daga makaranta zuwa makaranta, don haka kada ki ɗauki labarin maƙwabciya ki yi aiki da shi.

Ki san matsayin doka kuma. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba, amma shi dai sashen ya bar wa kowace al'ummar addini damar koyar da 'ya'yanta a makarantar da take ɗaukar nauyinta gaba ɗaya. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a Yunin 2022 kan hijabi kuwa ya taso ne daga makarantun gwamnatin Jihar Legas. Kada ki shiga makarantar kuɗi ta coci da niyyar ki yi shari'a daga baya. Yarinyar ce za ta sha wahala a tsakiya. Idan amsoshinsu sun kwanta miki, ki biya da zuciya ɗaya. Idan sallarta za ta tawaya, ki nemi ta jeka-ka-dawo, ko wata makarantar daban.

Tambaya: An dakatar da ɗana mako biyu saboda an kama shi da waya a ɗakin kwana. Yana ajin ƙarshe, na biya kuɗin shekara har da na WAEC. Ina ganin an tsananta. In cire shi? Daga wani uba a Jos.

Amsa: Malam, kada ka cire shi. Sauya makaranta a ajin ƙarshe, bayan an yi masa rajistar jarrabawa, asara ce a kan asara, kuma da wuya a mayar maka da kuɗin. Ka duba kundin. Idan an rubuta cewa waya tana jawo dakatarwa, to ba a zalunce shi ba, abin da ka sa wa hannu aka aiwatar. Yaran nan sun san dokar sarai, shi ya sa ake tsintar waya a cikin ledar garin kwaki ko a farke katifa a cusa ta.

Abin da ya cancanci ka tsaya a kai shi ne yadda aka yi hukuncin. An saurari yaron? An kira ka kafin a sallamo shi? Wanda aka kama su tare, hukuncinsu ɗaya? Ka je wurin Fada, wato limamin cocin, ko shugaban makarantar cikin mutunci, ka roƙi a ba shi ayyukan aji ya yi a gida don kada karatu ya wuce shi. Su ma suna da abin da za a tuna musu: Don Bosco, limamin Katolika na Turin a Italiya wanda ya rasu a 1888, ya gina tarbiyyarsa ne a kan hankali da addini da ƙauna, yana ganin a tare laifi tun bai auku ba ya fi a jira a yi horo. Da dukan da ya bar rauni ne, ko an bar siniyoyi suna sa ƙanana tsallen kwaɗo a rana, da amsata ta sauya, domin Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana azabtar da yaro da wulaƙanta shi. A gida kuma, kada mako biyun nan ya zama hutu, kada kuma ya ji kana zagin malamansa.

Tambaya: Me zan fara saya wa yaro mai shiga makarantar kwana ta mishan? Daga wata yaya a Kafanchan.

Amsa: 'Yar'uwa, ki jira takardar jerin kaya tukuna. Wasu makarantun su ke sayar da yunifom da kayan zaman hostal, na kasuwa ko ya fi kyau a bakin ƙofa za a ƙi shi. Ki bi launin sandal da na safa yadda aka rubuta. Ki kashe kuɗinki a kan akwati mai ƙwari da kwaɗo biyu, da gidan sauro, da bokiti, da tocila mai batir idan an hana mai caji, ki rubuta sunansa a jikin komai har cokali. Kayan ci kuma ki tambaya kafin ki cika jaka, don akwai inda ake karɓe na gwangwani da duk abin da sai an dafa tun a wurin bincike, ranar farko.