Ku Tambaya Mu Amsa: Hira da Mawaƙa, Masu Fim da Marubuta

Wasiƙun da suka iso mana a wannan watan, daga Akra da Kumasi, yawancinsu sun taru ne a kan hira: masu riƙe da makirfo suna neman yadda za su yi tambaya, waɗanda ake miƙa wa makirfo kuma suna neman sanin haƙƙinsu. Mun zaɓi huɗu daga ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne daga Nima, na fara wani shiri a YouTube inda nake hira da mawaƙan zango. Damuwata ita ce duk wanda na tambaya yadda ya fara waƙa, amsarsa ɗaya ce: baiwa ce daga Allah, kuma yana gode wa masoyansa. Na yi hira biyar, amma in ka ga ɗaya ka ga sauran. Laifina ne ko nasu?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Kaso mafi girma na laifin naka ne, amma laifi ne mai saurin gyaruwa. Mawaƙin da ya ce maka baiwa ce daga Allah gaskiya ya faɗa, kuma tarbiyya ya nuna, domin an raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne. Idan ka tambayi Bahaushe game da kansa a gaban jama'a, kunya za ta rufe masa baki. Idan kuwa ka tambaye shi game da sana'arsa, sai ka gaji da saurare.

A shekarun da nake ɗauko rahoto wa rediyo, an aike ni Sabon Zango, unguwar da Malam Baƙo ya kafa a Akra a farkon ƙarni na 20, in yi hira da wani dattijo makaɗin kalangu wanda ya daɗe yana yi wa mahauta kiɗa. Na same shi a zaure bayan la'asar, na zauna a kan tabarma, na karanto masa tambayoyin da na rubuto ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana ba ni amsa da kalma biyu ko uku, har aka shafe kusan rabin awa ban sami abin da zan kai ofis ba. Ina shirin kashe rakoda sai idona ya kai kan kalangun da ke cinyarsa, na ga ɗaya daga cikin tsirkiyoyinsa sabuwa ce, ta fi sauran haske. Na ce, "Baba, wa ya ɗaura maka wannan?" Ya daɗe bai ce komai ba yana shafa fatar da tafin hannunsa, sannan ya ce yayansa ne yake ɗaura masa tun suna samari, kuma tun da Allah Ya yi wa yayan rasuwa shi yake ɗaurawa da kansa, amma muryar kalangun ba ta sake komawa yadda take ba. Daga nan ya saƙale shi a hammata, ya nuna mini yadda murya ke hawa in ya matse, take sauka in ya sassauta, ya kaɗa taken mahauta ya sa ni in faɗi kalmomin da kalangun ke faɗa, in na kuskure ya sake kaɗawa. Bai tsaya ba sai da ya ba ni labarin zuwansu kudu tare da fataken shanu, da gidajen da suka sauka a hanya. Kaset ɗin ya cika gaba da baya kafin a kira magariba.

Saboda haka kafin ka je wurin mawaƙi, ka saurari waƙoƙinsa har ka haddace wasu baitoci, sannan ka zaɓi baiti guda ka tambaye shi inda yake ranar da ya zo masa, da abin da ya fara sawa a wurin kafin ya canza. Ka same shi a inda yake aiki, situdiyo ne ko gidan biki, domin a ɗakin da aka shirya fitilu da kujerun alfarma kowa baƙo ne. Kai da kake Nima kana da tambayar da ɗan jaridar wani gari ba shi da ita: unguwarka ce ta fitar da ƙungiyar VIP, waɗanda suka shigar da Hausa cikin kiɗan hiplife tare da Tuwi da Turanci, kuma har yau mawaƙanku suna sauya harshe a tsakiyar baiti. Ka tambaye su wace magana ce ba ta faɗuwa sai da Hausa, wace ce kuma suke ajiye wa Tuwi saboda kasuwa. Kada ka manta da 'yan amshi da mai haɗa sauti, sau da yawa su suka fi tuna yadda aka gina waƙa. In kuma mutum ya yi shiru bayan tambayarka, ka bar shi da shirunsa, kada ka yi gaggawar cike wurin da wata tambaya.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Wasu masu ɗaukar fim ɗin dokumentari sun zo gidanmu a Mamobi suna son hira da mahaifinmu, wanda ya haura shekara 80, a kan korar baƙi ta 1969. Sun kawo takarda da Turanci sun ce ya sa hannu. Shi yana so ya yi magana, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Me za ka ba mu shawara?

AMSA: 'Yar'uwa, na gode da wannan wasiƙa, kuma rashin kwanciyar hankalinki yana da tushe. Abin da mahaifinku zai faɗa ba ƙaramin abu ba ne. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar, kuma zangogi ne suka fi jin jiki, inda aka raba maƙwabta da surukai, wasu suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. Waɗanda suka ga abin da idonsu suna ƙarewa, don haka ina goyon bayan a ɗauki maganarsa. Sai dai a ɗauke ta da sharaɗi.

Mu mutanen Akra mun daɗe da sanin kyamara. A 1954 Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki fim a kan 'yan Hauka, wata ƙungiya ta masu hawan iska irin na bori, galibinsu Zabarmawa 'yan ci-rani daga Nijar, wanda ya sa wa suna Les Maîtres Fous. Shugabannin 'yan Haukar ne da kansu suka gayyace shi, amma da aka nuna fim ɗin a Faris, aka ga 'yan Haukar a cikinsa suna kumfar baki a cikin hawan iska, 'yan Afirka da ke wurin ransu ya ɓaci matuƙa, hukumar mulkin mallaka ta Ingila kuma ta hana nuna shi a nan. Bayan shekaru, a wata tattaunawa da suka yi a 1965, Ousmane Sembène, mai shirya fim ɗan Senegal, ya gaya wa Rouch a gaban idonsa cewa irinsu suna kallon 'yan Afirka kamar ƙwari. Abin lura a nan shi ne yardar da mutum ya bayar a ɗauke shi ba ta nufin ya san yadda zai fito a idon wanda bai san shi ba. Rouch ɗin nan kuma shi ne ya yi Jaguar, labarin samari uku da suka taso daga Nijar zuwa kasuwannin Kumasi da Akra, kuma a wannan karon ya zaunar da su suka kalli hotunan, suka ɗora maganarsu da bakinsu a kai, kafin fim ɗin ya fito a 1967. Wannan hanya ta biyu ita za ku nema.

Takardar da suka kawo, a al'adar masu fim, izini ce da ke ba su damar yanka maganar, su haɗa ta yadda suka ga dama, su nuna ta a duk inda suke so. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005 tana kare wanda ya shirya fim ne, wanda aka yi hira da shi ba ya zama mai fim ɗin, don haka ƙarfinku duka yana nan ne kafin a sa hannu. Ku sami wanda kuka amince da shi ya fassara wa Baba takardar da Hausa, layi bayan layi, a gaban 'ya'yansa. Ku tambaye su wa ya ba da kuɗin aikin, da inda za a nuna shi. Ku nemi a ƙara a rubuce cewa za a nuna muku ɓangaren da ya fito a ciki kafin a saki fim, tare da fassarar da za a rubuta a ƙasan hoto, domin a wurin fassara ake yawan yi wa dattawanmu ɓarna: mutum ya yi magana mai nauyi da karin magana, a mayar da ita jimla guda marar gishiri, ko a ɗora masa abin da bai faɗa ba. Ku kuma nemi kwafin hirar gaba ɗayanta, ba mintuna uku ko huɗun da za su zaɓa kawai ba, domin ragowar ita ce gadon jikokinsa.

Ranar ɗauka, ki zauna kusa da shi. In ya fara ambaton sunayen mutanen da suka ɓoye wani ko suka tona wani, ki tuna masa cewa zuriyarsu tana nan a unguwa. In ya gaji a dakata, ko da sun ce hasken rana zai wuce. Mai fim na kirki ba zai ƙi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma na ga matasan da suka fito daga NAFTI, makarantar koyon fim da aka kafa a nan Akra a 1978, suna komawa gidajen mutane da kwamfuta a hannu domin su nuna musu aikin kafin kowa ya gani.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a Kumasi, daga Aboabo. Ƙungiyarmu ta masu karatu za ta karɓi baƙuncin wani marubuci. Shin rashin ladabi ne in tambaye shi ko mutanen da ke cikin littafinsa na gaske ne? Kuma me ya sa marubutan zango suke rubutu da Turanci?

AMSA: 'Yata, ba rashin ladabi ba ne, amma tambaya ce da ke sa marubuci ya ja baya, musamman ɗan zango, wanda ya san cewa in ya amsa da "e" gobe ƙanwar mahaifiyarsa za ta aiko a kira shi. Ki sauya mata fuska. Ki tambaye shi da wane harshe mutanen littafin suke magana a cikin kansa kafin ya sa su a takarda, da abin da ya zube a hanya lokacin da ya juya maganarsu zuwa Turanci. Ki tambaye shi babin da ya cire, da dalilin cirewar. A nan ne za ki ji yadda aka yi aikin.

Tambayarki ta biyu ta fi taɓa ni. Ɗan garinku Mohammed Naseehu Ali, wanda aka haifa a Kumasi yake kuma zaune a Amurka, ya fitar da The Prophet of Zongo Street a 2005 da Turanci, kuma ta haka mutanen da ba su taɓa taka Kumasi ba suka san akwai wata rayuwa da ake kira zango. Ban ga laifinsa ba, domin yaranmu suna jin Hausa a gida da kasuwa, amma da Turanci makarantar boko ta koya musu riƙe alƙalami, masu buga littattafai kuma suna bin inda masu saye suke. Sai dai kada ki ɗauka ba a taɓa rubutu da Hausa a ƙasar nan ba. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar 1892 ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami, har da waɗanda ya yi a kan zuwan Nasara da kan talauci. Tsohon garin da ya zauna ruwan tafkin Volta ya cinye shi, amma a shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta tattara kwafin rubuce-rubucen malamai irinsa. Ki tambayi baƙon naku ko ya taɓa karanta shi. Ko ya ce e ko ya ce a'a, hirar za ta buɗe.

TAMBAYA: Baba, wani mawaƙi ya ce sai na biya shi kafin ya yi hira da mujallar makarantarmu. Daidai ne?

AMSA: Ɗana, ka bambanta abu biyu. In hira ce kawai, ba a sayen magana, domin wanda aka biya yakan faɗi abin da mai biya ke son ji; amma kuɗin mota da ruwan sha wajibinka ne in kai ka kira shi, goro kuma al'ada ce in dattijo ne ka je gidansa. In kuwa kana so ya zo da makaɗansa da 'yan amshi su yi wasa ka ɗauka, to aiki ka sa su, kuma ranar da suka ba ka rana ce da za su iya samu a gidan biki ko suna. Ku yi ciniki tun kafin ranar, ka faɗa masa ƙarfin aljihun mujallar makaranta ba tare da ɓoye-ɓoye ba, sannan ka miƙa kuɗin a gaban yaransa domin kowa ya san abin da aka bayar.