Amsa ga 'yar'uwar da ke neman gidan kula da tsofaffi saboda Mamanta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya ya sa kaffara ne. Tun jiya da dare na ga tambayarki amma sai yanzu na samu zama, ki yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo. In na fahimce ki daidai, Mama ta samu shanyewar ɓarin jiki wata bakwai da suka wuce, yanzu kuma mantuwa ta fara shigowa, ke kaɗai ce a kusa ga aiki ga yara, kin duba gidajen kula da tsofaffi guda biyu, ɗaya sabo fil mai kyan gani amma da nisa, ɗayan tsohon gini ne kusa da ke, kina tambaya wanne za ki ɗauka.

Ni Babana ya yi shekara uku da 'yan watanni a irin wannan gida kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma gida biyu muka yi, don na farkon kuskure muka tafka ni da yayana, ba wanda ya sa mu, idonmu ne ya ruɗe mu. Mun je ranar da suka ba mu, ƙarfe 11 na safe, ko'ina fes, ga furanni a bakin ƙofa ga ƙatuwar talabijin a falo ga ƙamshi, manajan kuma bakinsa kamar zuma, kafin mu gama zagaye har mun yanke shawara a zuci. Ashe kyan ɗan maciji ne. Baba yana da ciwon suga da cutar mantuwa, ya kuma faɗi ya karye a ƙugu, to kusan kullum a kwance yake. Sati shida da kai shi na tashi aiki da wuri wata Laraba na biya ba tare da na kira ba, wajen ƙarfe shida na yamma. Abin da na fara gani kofin ruwansa ne, cike taf, an ajiye shi kan tebur can wajen ƙafafunsa inda ko da lafiyarsa sai ya tashi zaune zai kai hannu, leɓensa duk ya bushe ya tsage. Na zauna zan yanke masa farce na zare safar ƙafarsa, sai ga diddigensa na hagu ya yi wani baƙi-ƙirin yana sheƙi, na taɓa na ji wurin da tauri da zafi. Na kira mai duti ta ce wai ita yau ta fara aiki a wannan ɓangaren. Na ce ku nawa ne yanzu a nan? Ta ce su biyu. Na bi ɗakuna na ƙirga tsofaffi da kaina, 23.

Wannan abin da na gani a diddigensa shi ne gyambon kwanciya, kuma ki riƙe shi da kyau tunda Mama ba ta iya juya kanta. Yana fitowa ne inda ƙashi ya danne fata aka daɗe ba a motsa mutum ba, jini ya daina zagayawa wurin, galibi diddige, ƙugu, ƙashin bayan nan na wajen mazaunai, da kafaɗa. Za ki ji ana cewa wurin yana yin ja, to a fata mai duhu ba lallai ki ga ja ba, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi sheƙi ko ya yi tauri, shi ya sa ma'aikacin da bai sani ba sai ya wuce shi. Maganinsa na farko juyi ne, abin da aka saba shi ne duk bayan kamar awa biyu a sauya wa mutum kwanciya dare da rana, a ɗaga diddige da filo kada ya taɓa katifa. Na Baba sai da ya ci wata huɗu kafin ya rufe saboda suga. To ki tambaye su kai tsaye, wa ke juya marasa tashi da dare, kuma ina takardar da suke rubuta lokacin juyin? Gidan kirki za su ɗauko miki ita nan take da sa hannu da lokaci. In aka fara miki kame-kame kin samu amsarki.

Kafin ma ki koma duba gidajen, ki zauna da biro da takarda ki rubuta gaskiyar halin Mama, ba yadda kike fata ba. Akwai abubuwa shida da ma'aikatan lafiya ke aunawa da su, wani likita a Amurka mai suna Sidney Katz ne ya tsara ma'aunin tun 1963 kuma har yau ana amfani da shi: wanka, sa kaya, zuwa banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci da hannunta. A cikinsu nawa take yi ita kaɗai, nawa sai an taimaka, nawa sai an yi mata gaba ɗaya? Dalilin wannan shi ne gidajen nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda masauki ne kawai da masu taimako, su yi wanka su ba da abinci su miƙa magani, akwai kuma wanda ke da nas ƙwararriya awa 24, mai iya wankin ciwo da allura da kula da robar fitsari ko ta abinci. Mutane da yawa ba sa tambayar wannan sai an shiga. Kuma ki zaɓa da tunanin yadda Mama za ta kasance nan da shekara ɗaya ko biyu, don mantuwar nan yawanci gaba take yi, ki tambaye su in jikinta ya ƙara nauyi za su ci gaba da riƙe ta ko za su ce ku zo ku ɗauka. Sauya wa mai cutar mantuwa wuri ba ƙaramin abu ba ne, da muka mayar da Baba gida na biyu sai da ya yi sati uku bai san gabas da yamma ba.

Sannan ki koma gidajen biyun ba tare da sanarwa ba, gani ya kori ji. Ki je lokacin cin abinci sau ɗaya, ki je da yamma liƙis sau ɗaya, in da hali ki ƙara da ranar hutun ƙarshen mako lokacin da manya ba sa nan. Yamma ta fi muhimmanci, don masu cutar mantuwa da yawa rikicewarsu tana tashi ne in rana ta doshi faɗuwa, su kama neman hanyar gida, su yi ta kiran waɗanda suka rasu, kuma daidai lokacin ne ma'aikatan rana ke tafiya na dare ba su gama shigowa ba. Kada ki tsaya a falo. Ki shiga can ciki ki bar hancinki ya yi aiki, warin fitsari a ɗaki ɗaya ba komai ba ne yana faruwa, amma in duk layin ɗakunan ya ɗauka har ya kama labule to ana barin mutane cikin pampas ne. Ki dubi faratan tsofaffin da bakinsu da gashinsu. Ki dubi banɗaki ko akwai ƙarfen riƙewa kuma keken marasa lafiya zai iya shiga. In kin ji wani ya danna ƙararrawa ko ya yi kira, ki duba agogonki a ɓoye ki ga minti nawa kafin a zo.

Tunda shanyewar jiki ce, ki tsaya sosai kan maganar haɗiya. Da yawa daga masu wannan lalura maƙogwaronsu ba ya aiki daidai, abinci ko ruwa sai ya bi ta hanyar iska ya sauka huhu, wani ma ko tari ba zai yi ba, daga nan sai limoniya. Ki kalli yadda suke ciyar da marasa iya ci. A zaune tsaf ake ɗaga mutum ko a kishingiɗe ake ɗura masa? Ana barinsa a zaune kamar rabin awa bayan ya gama? Mai ba da abincin a zaune take tana jira a haɗiye ko a tsaye take da cokali tana sauri don akwai mutum biyar na jiranta? Ki kuma tambaya ko likitan fisiyo na zuwa da sau nawa a sati, don gaɓar da ba a motsawa ƙagewa take yi.

Abin da ya sa na amince da gida na biyu, wallahi ba wani babban abu ba ne. Ginin tsoho, fentin ma ya koɗe. Ina tsaye ina jiran manaja sai wata tsohuwa ta taso da jakarta a hammata tana kuka wai za ta je ɗauko yaranta daga makaranta, matar da ta haura tamanin. Wata ma'aikaciya ta ajiye bokitin da ke hannunta, ta rage tsawo har idonsu ya daidaita, ta kira ta da sunanta, ta ce ai da sauran lokaci ba a tashe su ba, zo ki taya ni ninke tawul ɗin nan kafin nan. Tsohuwar ta share hawaye ta bi ta. Ma'aikaciyar ba ta san ina kallo ba. Da na tambaye ta shekararta nawa a gidan ta ce tara, kuma ta san wace ce ba ta son ruwan sanyi, wane ne ba ya barci sai an bar masa fitila. Ki yi wannan tambayar ke ma, ki yi wa masu wankan da masu sharar ba manaja ba. Inda duk wanda kika tambaya wata biyu ne wata uku, ma'aikata guduwa suke yi, kuma kullum baƙon hannu ne zai taɓa Mama.

Sai magani. In kin shiga da rana tsaka kin tarar kusan kowa ya langaɓe a kujera yana barci baki buɗe, kada ki ce kai gidan nan akwai natsuwa. Wasu wuraren suna kwantar da masu rikici ne da magungunan taɓin hankali irin su haloperidol da risperidone don aiki ya yi sauƙi, alhali tun 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa irin su risperidone na ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu cutar mantuwa, a 2008 kuma ta haɗa da irin su haloperidol. Ba wai ba a bayarwa sam ba, akwai lokacin da likita zai ga ya zama dole, amma ki sa sharaɗi ba a ƙara wa Mama ko ƙwaya ɗaya sai da likita kuma sai an sanar da ke. In kuma wata rana aka ce miki ta rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya biyu, kada ki yarda da "ai tsufa ne", a duba fitsarinta da ƙirjinta a ga ko tana shan ruwa, sau biyu hakan na faruwa da Baba duk infekshan ne.

Takardar yarjejeniya kuma ki tafi da ita gida ki karanta a natse, tun ran gini ran zane. Me kuɗin wata ya ƙunsa, me ake cajin sa daban kamar pampas da wanki da rakiya asibiti, yaushe suke ƙara kuɗi, in an kwantar da ita asibiti za a riƙe mata gadonta, notis na kwana nawa in za ku fita, kuma a wane hali su za su iya sallamarta. Ki nemi ganin lasisinsu da rahoton binciken hukuma na ƙarshe. Wurin da ya ƙayyade ziyara ya ce sai kin kira kafin ki zo, ni dai ba zan kai nawa ba. In suna karɓar zaman gwaji na sati biyu ki fara da shi.

To wanne a cikin biyun? Ban gan su ba, amma in tsohon nan na kusa ya tsallake abubuwan da na lissafa, shi zan ɗauka ko ba tantama. Gida mai nisa da farko za ki riƙa zuwa duk sati, sai ya koma duk wata, ba don ba kya so ba, rayuwa ce. Na kusa kuwa kina iya leƙawa minti goma a hanyar dawowa aiki, ki zare safa ki duba diddige, ki matso da kofin ruwa ɓangaren hannunta mai lafiya, ma'aikata ma suna sanin tsohon da 'ya'yansa ke faɗowa kowane lokaci.

Ki yi magana da Mama ita ma tun tana ganewa, ki kai ta ta gani, ki tafi mata da bargonta da filonta da hotunan jikoki. Satin farko za ta ce ki mayar da ita gida, za ki yi kuka a mota, ni ma na yi. Masu cewa kin yar da uwarki kuma za su faɗa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, duk wanda ya matsa ki ce ya zo ya karɓi dutin dare na sati ɗaya.

Ki fara da na kusan gobe wajen ƙarfe shida na yamma, ki ƙirga ma'aikata ki ƙirga tsofaffi, ki nemi takardar juyin nan, sai ki dawo ki faɗa mana abin da kika tarar.