Tambaya da Amsa: Mai Bes Ɗan Haya a Kiɗan Salsa, da Me Yake Ci?

Tambaya: Kawu, ina gaisuwa. Shekara huɗu ke nan ina kaɗa bes, wato jita mai kaurin sauti, a Jos, wajen bukukuwa da wani otal a Rayfield duk ranar Asabar. Kwanan nan salsa, kiɗan rawar nan na mutanen Latin Amurka, ta shiga raina. Shin mutum zai iya riƙe gida da kiɗan haya kawai, a kira shi situdiyo ya kaɗa, a sallame shi? Ɗanka daga Bukuru.

Amsa: Ɗana, ana iyawa, amma ka cire rai da suna. Kowa ya san Shata, mutum nawa ne za su lissafo maka masu kalangunsa? To, mai bes ɗan haya haka yake.

Ɗauki Sal Cuevas, haifaffen New York, wanda ya rasu a 2017. Ya yi wa mawaƙan kamfanin Fania kiɗa a faifai da yawa, ciki har da Siembra na Willie Colón da Rubén Blades a 1978. An sha rawa da hannunsa ba tare da an san fuskarsa ba. Shi kuwa Cachao, mai bes ɗan Kuba, wanda tare da yayansa Orestes suka aza tubalin kiɗan mambo tun ƙarshen shekarun 1930, ya bar ƙasarsa a 1962. Da tafiya ta yi tafiya, a Miami har kiɗan biki ya koma yi, kamar kai, kafin ɗan fim Andy García ya sake fito da shi a farkon shekarun 1990. Gwani ke nan fa, ba koyau ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne tumbao, wato salon bugun bes a salsa. Idan kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, hannunka ya saba sauka a kan ɗaya. A salsa ba haka ba. Za ka buga tsakanin biyu da uku, ka sake bugawa a huɗu, ka ja sautin ya tsallake ɗaya. Kuma sautin da ka buga a huɗun nan na gaɓar da ke tafe ne, wato kana riga mai fiyano isa. Ranar da na fara gwadawa a wani gidan rawa a Wuse, mai kaɗa gangar konga ya ajiye hannu ya zuba mini ido, bai ce uffan ba. Har yau ina jin kunyar kallon nan.

Sai ka koyi karanta rubutun kiɗa, domin a situdiyo awa ake biya, takarda za a miƙo maka, ba mai jiranka ka haddace.

Batun kasuwa kuwa, masu neman salsa a nan ba su da yawa, galibi a Abuja da Legas suke. Kada ka saki aikin Rayfield. Ka sa clave a wayarka, bugun sanduna biyun nan da ke riƙe da kiɗan, kullum bayan la'asar ka bi shi na rabin awa. Bayan wata uku ka turo mini abin da ka naɗa in saurara.