Tambaya da Amsa: Dillalin da Ba Mutum Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole, ina sayar da jakunkuna da takalman fata, kuma wasu masu sayen ta WhatsApp nake samun su. Ɗana da ke jami'a ya ce akwai manhajar da ake aikawa cikin intanet ta yi wa mutum ciniki. Shin gaskiya ne, kuma za a iya damƙa mata amanar dukiya?
Daga mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaron bai yi ƙarya ba. Manhaja ce da ake iya kira dillali mai yawo, domin ba ta zama a salularka: tashi take yi ɗauke da umarninka, ta sauka a kwamfutar wani kanti, ta duba kaya da farashi, ta wuce na gaba, sannan ta komo maka da bayani.

Abin ba sabo ba ne. A shekarun 1990 kamfanin General Magic na Amurka ya fito da wani harshen rubuta manhaja mai suna Telescript domin irin wannan aike, kamfanin IBM kuma ya ƙera wani tsari makamancinsa mai suna Aglets a Japan. A 1996 masu bincike a jami'ar MIT suka gwada wata kasuwa mai suna Kasbah, inda mai kaya zai faɗa wa manhajar da ke wakiltarsa kuɗin da yake so, da mafi ƙarancin da zai sallama, da ranar da yake son a gama. Kamar dai ka ce wa dillalinka: jakar nan jika goma sha biyar ce, idan an taya goma sha biyu ka sallama, ƙasa da haka ka ce albarka.

Amfaninta a wurinmu a fili yake, tunda kowa ya san yadda rezo ke ɗaukewa ana tsakiyar magana. Da zarar ka aike ta, ko ka kashe salula tana can tana aiki, sai ka kunna ka karɓi saƙo.

Sai dai maganar amana ita ce ta fi nauyi. Dillalin da ka sani, sirrinka a cikinsa yake, kuma idan ya ci amana ka san ƙofar gidansu. Ita kuwa manhajar, a kwamfutar mutumin da take ciniki da shi take aiki, saboda haka idan mai gidan macuci ne, yana iya leƙa jika goma sha biyun nan da ka ɓoye, ko ya sauya farashin da ta tattaro daga wasu kantuna. Su ma masu kantuna ba su cika son baƙuwar manhaja ba. Tun a 1995 wasunsu suka toshe wata manhaja mai suna BargainFinder, wadda kwatanta farashin faifan waƙa kawai take yi daga nesa. Wannan rashin yarda na cikin dalilan da suka hana dillali mai yawo bunƙasa, kuma yawancin abin da ake tallatawa yau manhajoji ne masu zama wuri ɗaya suna aika tambaya.

Shawarata ita ce ka bar manhaja ta nemo maka masu saye da farashin kasuwa, amma kada ka ba ta lambar sirrin asusunka, kuma kada jaka ta hau motar Yamai ko ta Kano sai ka ga kuɗi sun shigo da idonka.